Tambayoyi da Amsoshi Kan Kwafin VM Ga Masu Kula da Saba

Waɗannan tambayoyi ne da abokan aiki ke yawan yi mini, musamman sabbin shiga da aka damƙa wa ɗakin saba. Yin kwafin kansa ba ya da wuya, danna maɓalli biyu ne ko layi ɗaya na umarni. Inda ake shan wahala shi ne bayan an gama, domin sabuwar na'urar tana fitowa ne da sunan uwarta, da makullanta, da ayyukan da aka ɗora wa uwar. Yawancin amsoshin da ke ƙasa a kan wannan suke.

Me ake nufi da kwafin VM?

VM kwamfuta ce da ke zaune a cikin wata kwamfutar. Ba ta da gangar jiki. Manhajar da ke ɗauke da ita, irin su VMware ESXi, Hyper-V na Microsoft, VirtualBox na Oracle, Proxmox VE, ko KVM da ya shiga cikin Linux tun 2007, ita ke ara mata ƙwaƙwalwa da faifai da katin sadarwa daga ainihin injin. In ka leƙa inda take ajiye, fayiloli kawai za ka gani: babban fayil na faifai, wanda sunansa ke ƙarewa da vmdk ko vhdx ko vdi ko qcow2, sai ƙaramin fayil mai bayanin yadda aka tsara ta.

Kwafi shi ne ka fitar da wata irinta sak daga waɗannan fayiloli. Sabar da ka yi yini guda kana ɗora mata manhajoji da sabuntawa da saituna, sai ka samu ta biyu cikin 'yan mintuna.

Mene ne bambancin cikakken kwafi da kwafin jingina?

Cikakken kwafi yana ɗauke faifan gaba ɗaya. Da an gama, 'yar ta yaye, ba ruwanta da uwa. Ko ka goge uwar, ko ka kai 'yar wani injin, lafiya lau.

Kwafin jingina kuwa faifan uwa yake karantawa, abin da ya canza kaɗai yake rubutawa a nasa ƙaramin fayil. Shi ya sa yake fitowa cikin daƙiƙu, ba ya kuma cin fili da farko. A KVM, qcow2 ne ke nuna fayil ɗin da ya jingina da shi. A Hyper-V faifan bambanci ake amfani da shi. Proxmox kuwa daga samfuri kawai, wato na'urar da aka kulle don a riƙa kwafa daga gare ta, yake yarda a yi irin wannan kwafi. Haɗarinsa a bayyane yake: ranar da faifan uwa ya lalace, ko wani ya buɗe shi ya rubuta wani abu a ciki, duk 'ya'yan sun tafi tare.

Ni dai ga ƙa'idata. Ɗakin koyar da ɗalibai, ko gwajin da za a rushe ranar Juma'a, kwafin jingina ya isa. Duk abin da mutane za su dogara da shi wajen aiki, cikakke nake yi.

Kwafi zai iya tsaya mini a matsayin ajiyar ko-ta-kwana?

A'a. Kwafin da ke kan faifai ɗaya da uwarsa, rana ɗaya za su mutu. Ajiya ta gaskiya tana wani wuri daban, tana da kwanakin baya da za ka iya komawa, kuma ka taɓa gwada dawo da ita ka ga ta tashi.

Hoton lokaci, wanda ake ɗauka kafin a yi wa na'ura wani gyara, shi ma ba ajiya ba ne. Alama ce da za ka koma in gyaran ya ɓaci. VMware da kanta ta ba da shawarar kada a bar shi ya wuce awa 72, domin kullum girma yake yana rage wa na'urar sauri. Na sha tarar da wanda ya shekara a wurin, mai shi ya manta.

Dole sai na kashe na'urar kafin in kwafe ta?

In za ka iya, kashe ta. Shi ne mafi tsabta.

In ba hali, vCenter, wato manhajar VMware mai kula da injinan ESXi, da Proxmox da Hyper-V duk suna iya fitar da kwafi daga na'urar da ke aiki. Amma ka san me kake samu. Faifan da aka kwafa ana tsaka da rubutu a kansa kamar kwamfutar da aka ɗauke wa wuta ne ba zato: galibi za ta tashi, sai dai abin da ke ƙwaƙwalwa bai kai faifai ba ya tafi. Sabar shafin intanet ba za ta damu sosai ba. Rumbun bayanai irin MySQL ko PostgreSQL ko SQL Server kuwa zai damu. Don haka ka tabbata wakilin manhajar yana cikin na'urar, wato VMware Tools ko qemu-guest-agent, domin shi ne zai iya sa faifan ya dakata ya nutsu na ɗan lokaci. A Windows wani sashe nata mai suna VSS ke wannan aiki. Duk da haka, in rumbun bayanai ne, na fi son in tsayar da shi na minti biyar da dare in kwafa hankali kwance.

Na yi kwafi, yanzu uwa da 'ya suna rigima kan adireshin IP ɗaya. Me ya faru?

Wannan ce tambayar da ta fi kowace zuwa, kuma dalilanta uku ne.

Na farko, adireshin a rubuce yake da hannu a cikin uwar, 'yar ta gaje shi. Wannan mai sauƙi ne. Shiga ta tagar manhajar, ba ta hanyar sadarwa ba, ka canza.

Na biyu, lambar MAC. Kowane katin sadarwa yana da tasa, kuma farkonta na gaya maka wanda ya ba da ita: 08:00:27 na VirtualBox ne, 00:50:56 da 00:0C:29 na VMware, 00:15:5D na Hyper-V, 52:54:00 na KVM. In ta maɓallin kwafi ka bi, yawanci za a ba kwafin sabuwar lamba, amma a VirtualBox ka duba zaɓin da kyau ka ce a sabunta ta kowane kati. In kuwa fayilolin ka kwashe da hannu, VMware za ta tambaye ka ko matsar da na'urar ka yi ko kwafe ta. Ka faɗa mata gaskiya. Wanda ya ce matsarwa ya yi alhali kwafi ne, zai tashi da na'urori biyu masu MAC ɗaya. Alamar ciwon ita ce sadarwa ta riƙa zuwa tana ɗaukewa: ka shiga yanzu, bayan daƙiƙa talatin ta tsinke, domin akwatin rarraba sadarwa ya rasa ƙofar da zai tura saƙo.

Na uku shi ne mai ruɗa mutane. MAC daban, adireshi ba a rubuta da hannu ba, amma DHCP, mai raba wa na'urori adireshin IP, na ba su lamba ɗaya. Wannan yana yawan faruwa a Ubuntu Server tun daga 18.04. Dalili shi ne systemd-networkd, mai kula da sadarwa a cikinta, ba da MAC yake gabatar da kansa ga DHCP ba, da wata shaida ce da yake fitarwa daga fayil ɗin /etc/machine-id. Tunda an kwafe fayil ɗin, a wurin DHCP mutum ɗaya ne ya zo sau biyu. Magani shi ne ka wofintar da fayil ɗin da `truncate -s 0 /etc/machine-id`, ka sake kunna na'urar ta ƙirƙiri sabuwar lamba. Ka duba /var/lib/dbus/machine-id shi ma, in fayil ne mai zaman kansa ka mayar da shi manuni zuwa na farkon. Ko kuma a netplan, inda ake rubuta saitunan sadarwa, ka rubuta `dhcp-identifier: mac`. Na fi son hanya ta farko, domin ba DHCP kaɗai ke amfani da wannan lamba ba.

To me da me zan sauya a kwafin Linux?

Ko tagwaye, ranar suna kowa nasa ake raɗa masa. Ka fara da sunan na'urar ta `hostnamectl set-hostname`, ka gyara /etc/hosts. Sai machine-id da muka ambata.

Daga nan makullan SSH, wato hanyar shiga na'ura daga nesa. Suna cikin /etc/ssh da sunaye masu farawa da ssh_host. Da su na'ura ke tabbatar wa mai shiga cewa ita ce. In saba ashirin suna riƙe da makulli ɗaya, duk wanda ya fasa ɗaya ya samu rigar da zai yi sojan gona da ita a matsayin sauran sha tara. Goge su, sannan ka buga `ssh-keygen -A`. Kada ka goge ka manta da sake ƙirƙira, domin a wasu nau'o'in Debian SSH ba zai tashi ba sai ka yi da kanka, kuma za ka tarar ka kulle kanka a waje.

Sauran ya danganta da abin da na'urar ke ɗauke da shi. MySQL na ajiye lambar shaidarsa a auto.cnf, in biyu suka zo ɗaya ba za su iya kwafar bayanai a tsakaninsu ba. Mai haɗawa da ma'ajiya ta iSCSI ya canza suna a /etc/iscsi/initiatorname.iscsi. Kubernetes yana buƙatar kowace na'ura ta zama da MAC da product_uuid nata. Wakilan sa ido da na riga-kafi su ma suna da rajista, a sake musu. Ka share tarihin umarni da tsofaffin fayilolin rahoto, ka kuma leƙa authorized_keys ka ga makullin wa ke ciki.

In KVM kake, `virt-sysprep` na yin mafi yawan wannan shara a kan faifan da ke kashe. In da cloud-init kake aiki, `cloud-init clean` zai sa ya sake gudana a tashi na gaba kamar sabo.

Windows fa? Wasu sun ce Sysprep ba dole ba ne.

Ka yi shi. Yana cikin C:\Windows\System32\Sysprep, kuma abin da za ka buga shi ne `sysprep /generalize /oobe /shutdown`. Zai cire shaidar na'urar ya kashe ta, sai ka kwafa daga nan.

Maganar da kake ji tana da asali. A 2009 Mark Russinovich na Microsoft ya rubuta cewa maimaita lambar shaidar na'ura ta Windows, wato SID, ba shi ne bala'in da ake zato ba, har ya janye manhajarsa ta NewSID mai canza wannan lamba. Amma ko a lokacin bai ce a bar Sysprep ba, domin ba SID kaɗai yake sabuntawa ba, kuma Microsoft ba ta tallafa wa kwafin da ba a bi ta kansa ba. Misali na kusa shi ne WSUS, sabar da ke raba wa na'urori sabuntawar Windows: kwafin da ba a tsabtace ba suna zuwa da lambar rajista ɗaya, sai ka ga na'urori goma suna bayyana a matsayin ɗaya, wannan ta fito waccan ta ɓace. Sannan a 2025, bayan wasu sabuntawa na Windows 11 da Windows Server 2025, na'urori masu SID ɗaya sun fara ƙin tantance juna, rabon fayiloli da shiga daga nesa suka tsaya. Waɗanda suka tsallake Sysprep shekaru da dama su suka sha wahala.

Abu ɗaya kuma: kada ka kwafi na'urar da ta riga ta shiga domen, wato rukunin na'urorin Windows da ake riƙe asusunsu a wuri ɗaya. Biyu za su riƙa amfani da asusu ɗaya, kuma kalmar sirrin wannan asusu tana canzawa duk kwana 30. Ranar da ɗaya ta canza, ɗayar za a rufe mata ƙofa da saƙon cewa amana tsakaninta da domen ta karye. Ka shigar da kowace 'ya domen da sunanta bayan ta tashi.

Zan iya kwafin sabar da ke riƙe da Active Directory, wato rajistar asusun domen?

Ba ta hanyar da ka saba ba. Waɗannan sabobi suna ƙidaya canje-canjensu da lambobi, kowace kuma tana riƙe da inda 'yar'uwarta ta tsaya. In aka tayar da tsohon kwafi, ƙidayar ta koma baya, sauran su ɗauka sun riga sun karɓi canje-canjen da ba su taɓa gani ba. Tun Windows Server 2012 akwai hanyar da aka amince da ita, mai amfani da VM-GenerationID da fayil ɗin DCCloneConfig.xml. Tana aiki, amma ga ƙaramin ofis, ka kafa sabuwar saba daga samfuri ka ɗaga ta zuwa wannan matsayi. Ya fi sauƙi, ya fi aminci.

Me ya sa kake nanata a cire sadarwa kafin kunnawar farko?

Saboda na ga abin da rashin hakan ke jawowa. A wani wurin da na yi aiki, muna da saba mai tura wa iyaye saƙon tes na tunin kuɗin makaranta kowace safiya da ƙarfe bakwai. Wata Alhamis da yamma wani ƙanena a aiki ya kwafe ta don ya gwada sabuntawa. Ya canza suna, ya canza adireshi, duk ya yi daidai. Bai buɗe crontab ba, inda ake jera ayyukan da na'ura ke yi da kanta in lokacinsu ya yi. Ranar Litinin, kwafin yana aiki da bayanan ranar Alhamis, ya tura wa waɗanda suka biya ranar Juma'a cewa ana bin su bashi. Kafin ƙarfe tara wani dattijo na tsaye a bakin ofis da rasit a hannu yana cewa, "Yarona, ga takardata, sau nawa zan biya?" Ban manta da fuskarsa ba. Mun ƙona kuɗin saƙo, mun kuma yini muna ba mutane haƙuri.

Kwafi ba ya san kansa kwafi ne. Duk abin da aka umarci uwar ta yi, zai yi: tura imel, cire kuɗi, goge tsofaffin fayiloli a ma'ajiyar da suke tarayya, rubuta ajiyarsa a kan ta uwar. Wannan na ƙarshen ya fi ba ni tsoro, domin shiru yake faruwa. Saboda haka ka cire alamar haɗin katin sadarwa a saitunan VM kafin ka kunna, ko ka sa ta a keɓaɓɓiyar hanya marar fita waje. Shiga ta taga. Duba crontab na kowane asusu, da `systemctl list-timers`, ko Task Scheduler a Windows. Duba fayil ɗin fstab ka ga faifai da ma'ajiyoyin da take hawa. Canza kalmomin sirrin da take shiga wasu wurare da su. Sannan ka haɗa.

Yaushe ya kamata in koma amfani da samfuri?

Da zarar ka kwafi abu ɗaya sau uku. Samfuri na'ura ce da ka gina da tsabta, ka sabunta, ka cire mata duk shaida, ka kulle ta yadda ba za a kunna ta ba sai dai a haifa daga gare ta. Kamar irin shuka ne da manomi ke warewa, ba a tuƙa tuwo da shi. Kwafin sabar da ke aiki kuwa yana tahowa da dattin shekarunta, in aka sake kwafar kwafin sai dattin ya ninka.

Ka rubuta kwanan wata a sunansa, ka kuma riƙa sabunta shi. Inda intanet ke da tsada ko rauni, wannan riba ce ta kuɗi: sabuntawar da za ka sauke sau goma sha biyar, sau ɗaya ka sauke.

Wane umarni ake amfani da shi?

A VirtualBox, `VBoxManage clonevm` da sunan na'urar, ka ƙara `--register`. A KVM, `virt-clone --original` da sunanta da `--auto-clone`, na'urar kuma tana kashe. A Proxmox, `qm template 9000` na mayar da na'ura samfuri, `qm clone 9000 101 --full` kuma na fitar da cikakken kwafi. A Hyper-V fitarwa ake yi a sake shigarwa, kuma wajen shigarwar ka zaɓi kwafi mai sabuwar lambar shaida. ESXi da ke tsaye shi kaɗai ba tare da vCenter ba ba shi da maɓallin kwafi, sai ka kwafi faifan da `vmkfstools -i` ka gina sabuwar VM a kansa. In daga wata manhaja zuwa wata za ka kai, fitar da ita a matsayin OVA, ko ka juya faifan da `qemu-img convert`.

Tsawon wane lokaci zai ɗauka, kuma wane fili zai ci?

Lissafi ne. Wayar gigabit ɗaya tana ɗaukar kusan MB 110 a daƙiƙa, don haka GB 100 zai ci kamar minti 15 in ba cunkoso. Tsohon faifai mai juyawa da ake karantawa ana rubutawa a kansa lokaci guda zai fi haka daɗewa, kuma sauran na'urorin da ke kansa za su ji a jikinsu. Kada ka yi shi da tsakar ranar aiki.

Ka kuma duba wuta kafin ka fara. In batirin inbata ya yi ƙasa kuma janareta ba mai, jira. Kwafin da ya yanke a tsakiya goge shi ake yi a sake, kada ka yi ƙoƙarin tayar da shi.

Game da fili, faifan da ke ƙaruwa a hankali abin da aka rubuta kaɗai yake ci, shi ya sa mutum kan yi wa na'urori alkawarin filin da ya fi abin da yake da shi. Ranar da ma'ajiyar ta cika, dukkansu za su tsaya lokaci ɗaya. Sa ƙararrawa tun tana kashi 80 cikin 100.

Lasisi yana bin kwafi?

Ba ya haihuwa. Lasisin Windows Server Standard, in ya rufe dukkan ƙwayoyin sarrafawar injin, VM biyu yake ba ka dama. Datacenter ne ba shi da iyaka. Wasu manhajojin kuma suna ɗaure lasisinsu da MAC ko lambar shaidar na'ura, sai su ƙi buɗewa a kwafi. Tambayi mai sayar maka tun kafin ka fara.

Laifi ne in kwafi sabar aiki in ba masu gwaji?

Ka tuna abin da ke ciki: sunayen mutane, lambobin wayarsu, albashinsu, wani lokaci har bayanan lafiyarsu. Amana ce. A Najeriya dokar kare bayanan jama'a ta 2023 ba ta bambanta sabar aiki da ta gwaji ba, nauyin yana kan wanda ke riƙe da bayanan. Kwafin gwaji kuwa shi ne wanda ba a sabuntawa, kalmar sirrinsa kowa ya sani, wani lokaci ma yana kan kwamfutar hannu da ake tafiya da ita gida. Ka musanya bayanan da na bogi kafin ka miƙa, ka rubuta wa kwafin ranar da za a goge shi, in ranar ta zo ka goge.

Na haɗa faifan kwafi da uwar don in ciro fayil, ya ƙi hawa. Ya lalace ne?

Mai yiwuwa lafiyarsa ƙalau. Faifan biyu suna da lambar shaida ɗaya, wato UUID, tsarin fayiloli na XFS kuma ba ya yarda ya hau biyu masu lamba ɗaya. Hau da shi da `mount -o ro,nouuid`, ka ɗauki abin da kake nema. In zai zauna dindindin, `xfs_admin -U generate` zai ba shi sabuwar lamba, a ext4 kuma `tune2fs -U random`. In LVM ne, sunayen rukunin za su yi karo, `vgimportclone` ke raba su. Kuma ka cire faifan kafin ka sake kunna uwar, domin fstab da UUID yake nema, yana iya ɗaukar na kwafin ya tashi da shi, ka yi ta rubuta aikin ranar a faifan da za ka goge gobe.